Yadda Ake Gano Ko Sensar Totur Ce Ta Kunna Wutar Cek

Corolla ce da ni, ƙirar 2004, irin mai wayar totur. Wata rana da la'asar ina fitowa daga shataletale na ɗora ƙafa a kan totur, sai motar ta yi kamar an shaƙe ta, ta ɗan yi jim, sannan ta fizge ni gaba har wanda ke gefena ya dafa dashbod. Kafin in kai gida wutar cek, wato fitilar gargaɗin inji da ke dashbod, ta kama. Washegari aka sa mata kwamfuta, yaron ya leƙa ya ce, "Alhaji, TPS ce, canzawa za a yi." Na saya aka ɗaura. Kwana uku wutar ta dawo. Aka ce ai jabu aka ba ni, na sake sayen 'yar Beljiyam, ita ma ba ta yi mako ba. A ƙarshe wani dattijo mai wayarin ya zare soket ɗin, ya haska shi da tocilar waya, ya ce in matso. Ɗaya daga cikin bakunan ƙarfen nan uku ya yi kore shar. Ya ce, "Ɗana, an wanke maka inji da ruwan famfo mai ƙarfi kwanan nan, ko?" An wanke kuwa. Ya kankare, ya matse bakin, ya mayar min da tsohuwar sensata, magana ta ƙare.

Daga nan na koyi abin da zan shimfiɗa a ƙasa. Lambar da kwamfuta ke bayarwa unguwa take nuna maka, ba ta nuna gida. A cikin unguwar akwai sensa, akwai soket, akwai wayoyi, akwai maƙogwaron injin kansa, akwai birenbos, wato ƙwaƙwalwar lantarki da ke sarrafa inji. Mita, wato na'urar auna wuta, ita ce ke bi gida-gida.

Mece ce sensar, kuma me take yi

Idan ka buɗe bonet ka bi babban tiyon iska daga iyakilina zuwa inji, za ka tarar da wani ƙarfe mai kama da bututu, kanikawa na ce masa totur-bodi. Shi ne maƙogwaron inji. A cikinsa akwai faifai da ke buɗewa idan ka taka totur. A gefe ɗaya na sandar faifan akwai wata 'yar baƙar roba mai soket, ita ce sensar totur, wato TPS. Aikinta ɗaya ne: ta riƙa gaya wa birenbos iya yadda faifan ya buɗe. Da wannan labarin birenbos ke ƙara mai idan ka taka, ya rage idan ka saki, ya riƙe silo (juyin inji idan ba a taka totur ba), kuma a mota mai giyar otomatik da shi ake sanin lokacin canza giya. Shi ya sa mutane da yawa ke zuwa wajen mai giya da kukan giya na buga musu, alhali giyar ba ta da laifi.

Tsohuwar sensa kamar maɓallin ƙara murya na rediyon da take. Akwai ɗan ƙarfe da ke goga wata hanya ta baƙin gawayi, kuma kamar yadda tsohuwar rediyo ke ƙara-ƙara idan ka murɗa ta daidai inda aka saba ajiye ta, haka sensar ke cinyewa a inda ƙafa ta fi zama, wato ɗan sama da silo kaɗan. Riƙe wannan, zai yi mana amfani wajen awo.

Alamominta ba ɓoyayyu ba ne: mota ta yi jinkiri sannan ta fizga, silo ya riƙa hawa da sauka ko ya maƙale a sama, ta mutu idan ka saki totur a danja, giya ta riƙa shiga da ƙarfi ko ta makara, mai ya riƙa tafiya. Sai dai duk waɗannan fil-famfo mai rauni na iya kawo su, nozul da ya toshe ma haka. Idan kuma wutar cek ɗin ƙiftawa take yi, ba tsayawa ta yi cak ba, to ka ajiye wannan rubutun tukuna: wannan alamar inji na mis ce, wato mai ba ya ƙonewa daidai a cikinsa, filogi da kwayil za ka fara dubawa, kuma kada ka ci gaba da gudu da ita.

Mataki na farko: karanta lambar kafin kowa ya taɓa batir

Murɗa makulli wuta ta kawo, ba tare da ka tayar da inji ba. Wutar cek dole ta bayyana tare da sauran fitilun. Idan ba ta bayyana ba, ko ƙwanta ya mutu, ko wani ya cire shi ko ya liƙe wutar da baƙin salatif kafin a sayar maka, abin da ba baƙo ba ne a motocin hannu.

Kada ka yarda a cire kan batir don "a kashe cek". Wannan share sawun ɓarawo ne. Motocin da aka ƙera don kasuwar Amurka daga 1996 duk suna da soket mai baki 16, galibi a ƙarƙashin sitiyari, na Turai masu fetur kuma daga 2001. 'Yar na'urar nan ta ELM327 da ake haɗawa da wayar hannu ta Bluetooth ta isa wannan aikin, tare da manhaja irin Torque ko Car Scanner. Tsofaffin motocin Turai da suka girmi 2001, irin su Golf 3, sau da yawa ba sa jin yarenta, sai na'urar da ta san su.

Rubuta duk lambar da ta fito a takarda, har da waɗanda kake ganin ba su da alaƙa. P0120 na nufin akwai matsala a layin sensar gaba ɗaya. P0122 na nufin wutar da ke komawa birenbos ta yi ƙasa fiye da kima, P0123 ta yi sama fiye da kima, P0124 kuma tana zuwa tana ɗaukewa. P0121 ta fi su wayo: tana cewa abin da sensar ke faɗa bai yi daidai da iskar da inji ke shaƙa ba. A motoci masu totur na lantarki za ka ga P0220 zuwa P0223 na sensa ta biyu, da P2135 idan biyun suka saɓa wa juna.

Manhajar na ajiye hoton yanayin da mota ke ciki a lokacin da lambar ta faɗo: gudu nawa, zafin inji nawa, juyin inji nawa. Duba shi. Idan ya nuna inji ya yi zafi sosai ne abin ya faru, to awon da za ka yi da sanyin safiya zai iya nuna maka komai lafiya, sai ka maimaita bayan motar ta gasu.

Abu ɗaya kuma: idan lambar sensar totur ta zo tare da lambobin wasu sensoci biyu ko uku duk suna cewa wuta ta yi ƙasa, da wuya a ce duk rana ɗaya suka mutu. A motoci da yawa layin wuta guda suke sha, ɗaya ce ta yi shot ta ja sauran ƙasa.

Mataki na biyu: ido da hannu

Kashe mota, zare makulli. Danna 'yar kunnen soket ɗin sensar ka zare shi a hankali, don robar da ta sha zafin inji shekara ashirin ba ta da wuyar karyewa. Haska ciki. Kore, tsatsa, danshi, bakin da ya buɗe ya yi sako-sako, ko wanda ya noƙe baya, duk laifi ne. Bi wayoyin da yatsa har inda suka shige cikin babban ƙunshi. Nemi inda ɓera ya ci, inda waya ta gogi ƙarfe, da inda wani ya taɓa yankawa ya murɗe da hannu ya naɗe da salatif. Duba kan batir, da wayar at, wato hanyar da wuta ke bi ta koma batir, da ke ɗaure a jikin inji, ko ta kwance.

Sai ka cire tiyon iska ka leƙa maƙogwaron. Ƙurar hunturu da tururin baƙin mai kan haɗu su yi kauri a gefen faifan har ya kasa rufewa daidai. Fesa maganin wanke kafireta a tsumma ka goge. Kada ka fesa shi a jikin sensar. Duba tiyon kansa ko ya tsage ta ƙasa, inda ido ba ya kaiwa.

Ga wani abu da ake yawan yi a garejinmu: mota ta zo da silo ƙasa, maimakon a wanke maƙogwaro sai a ɗaure wayar totur tamau, ko a murɗa ɗan notin da faifan ke tsayawa a kansa. Silo ya tashi, mai mota ya biya ya tafi yana murna, amma yanzu faifan ba ya komawa mazauninsa, birenbos na ganin kamar kullum ƙafarka na kan totur. P0121 kan biyo bayan wannan. Wayar totur tana son ɗan sassauci kaɗan idan ba a taka ba. Notin nan kuwa daga kamfani aka saita shi, galibi har da ɗigon fenti a kai. Idan ka ga fentin ya fashe, an taɓa.

Mataki na uku: kalli abin da birenbos ke gani

Mayar da soket, kawo wuta ba tare da tayar da inji ba, ka buɗe shafin da manhajar ke nuna matsayin totur kai tsaye. Nan mutane ke ruɗewa. Suna ganin kashi 10 ko 15 cikin ɗari alhali ba su taka ba, sai su ce sensa ta lalace. Ba ta lalace ba. Lissafin daga bolt 5 ake yin sa: rabin bolt kashi 10 ne, bolt huɗu da rabi kashi 90 ne. Don haka lafiyayyar sensa kan fara daga wajen 10 zuwa 20, ta ƙare a wajen 75 zuwa 90, gwargwadon mota.

Taka totur a hankali kamar mai tsoron taka ƙwai, har ƙasa, ka sake shi a hankali. Idan manhajar na zana layi, ya kamata ya hau sumul ya sauka sumul. Idan lambar ta tsaya cak a sifili ko a ɗari duk yadda ka taka, layin ya yanke ko ya yi shot. Idan ta yi tsalle a tsakiya, ka kusa kama ɓarawo. Amma 'yar na'urar nan tana da nawa wajen ɗauko labari, ƙaramin yankewa na iya wuce ta ba ta gani ba. Saboda haka ba a tsayawa a nan.

Mataki na huɗu: mita

Nan ne aikin yake. Kana buƙatar mita, da allura ko fil guda biyu, da wani ya taya ka. Sa mitar a DC, a lamba 20. Fitilar gwaji irin ta masu wayarin, mai ƙwai a ciki, ka ajiye ta gefe. Tana jan wuta da yawa, ba a sa ta a wayoyin birenbos.

Zare soket, kawo wuta. Ɗora baƙar wayar mita a kan negetif na batir, ka taɓa bakunan soket ɗin ɗaya bayan ɗaya da jar, taɓawa kawai, kada ka cusa ka buɗe bakin. Ɗaya zai nuna bolt 5 ko dab da haka. Wannan ce wutar da birenbos ke aikowa. Kada ka dogara da kalar waya, kowane kamfani da tasa. Idan babu 5 ko kaɗan, sensar ba ta da laifi: ko waya ta yanke, ko wata sensa ta ja layin ƙasa. Zare soket ɗin sauran sensocin ɗaya-ɗaya kana kallon mita. Wadda ka zare 5 ta dawo, ita ce mai laifin. Idan ka ga 12 a inda ya kamata 5 ta kasance, kashe makulli nan take, wani wuri waya ta haɗu da wutar batir.

Sai at. Bar jar waya a bakin da ya ba ka 5, ka ɗauke baƙar daga batir ka taɓa sauran bakunan. Wanda ya sake ba ka 5 cikakkiya shi ne at ɗin sensar, kuma lafiyarsa lau. Idan babu wanda ya bayar, at ya yanke, kuma wannan na kawo P0123, domin idan babu hanyar da wutar za ta bi ta koma, duk sai ta taru a wayar saƙo.

Bakin da ya rage shi ne na saƙo. Mayar da soket a jikin sensa. Zura allura ta bayan soket ɗin, ta gefen robar da waya ta shiga, har ta taɓa ƙarfe. Kada ka huda rigar wayar, ramin nan ne ruwa zai bi bayan damina ɗaya ya haifar maka da koren da na ba da labari. Idan allura biyu ka sa, kada ka bari su taɓa juna.

Da totur a sake za ka ga wajen rabin bolt, a wasu motocin har zuwa kusan 1. Yanzu juya faifan da hannunka daga inda wayar totur ta kama, a hankali ƙwarai. Lambar ta riƙa hawa bi da bi: 0.6, 0.8, 1.1, 1.5, har ta kai wajen 4 zuwa 4.5 idan ya buɗe duka. Honda na kaiwa kusan 4.5, Toyota da yawa ba sa kaiwa nan kuma lafiyarsu ƙalau. Ba lambar ƙarshen ce ta fi damunka ba, hawan ne. Ka fi mai da hankali a rubu'in farko, inda na ce hanyar ke cinyewa. Idan kana 1.2 sai ka ga 0.1 ta gifta sannan ta dawo 1.4, sensar ta mutu, ba sai an tambayi kowa ba. Yi sau biyar ko shida, domin ba kullum take nunawa ba. Tsohuwar mita mai allura ta fi ta zamani kama wannan, don idonka zai ga allurar ta yi rawa.

Idan hawan ya yi sumul, riƙe faifan a wuri ɗaya ka ƙwanƙwasa sensar da gindin sukundireba, ba da ƙarfi ba. Lamba ta motsa, cikin sensar ne. Ba ta motsa ba, sai ka kama soket ka girgiza, ka bi wayoyin kana lanƙwasa su taƙi-taƙi. Inda ka taɓa lamba ta yi tsalle, nan ciwon yake. Da an yi wa Corollata wannan a ranar farko, da kuɗin sensa biyu na aljihuna.

Saura tambaya ɗaya: idan mita ta ce komai daidai a bakin sensa, amma kwamfuta na nuna sifili fa? To saƙon na fita amma ba ya isa. Zare soket, ka haɗa bakin 5 da bakin saƙo da 'yar gajeriyar waya, bayan ka tabbatar ba at ka kama ba. Kwamfuta ta nuna kusan ɗari, to waya da birenbos lafiya, matsalar a haɗuwar soket da sensa take. Ta zauna a sifili, wayar saƙo ta yanke a hanya ko ta taɓa bodi. Birenbos shi ne na ƙarshe da ake zargi, bayan an auna wayar daga wannan kai zuwa wancan. Duk wanda ya ce maka birenbos ne bai ciro mita ba, ɗauki motarka.

Tsofaffin Toyota na shekarun 1990 wasunsu waya huɗu ne da su. Ta huɗun ta wani ɗan makunni ce da ke gaya wa birenbos an saki totur. Sauran ukun awonsu ɗaya ne da wanda na faɗa.

Idan motarka ba ta da wayar totur

Camry daga 2002, da Corolla ta Amurka daga 2005, da yawancin motocin da suka biyo bayansu, babu waya tsakanin ƙafarka da inji. Akwai sensa a feda, akwai ƙaramin moto da ke juya faifan, kuma sensar maƙogwaron biyu ce a gida ɗaya, kowace na gadin 'yar'uwarta. Da sun saɓa, birenbos zai kashe ƙarfin motar, ka taka har ƙasa tana tafiyar hawainiya. Wannan kariya ce aka gina da gangan.

Dokar farko a nan: kada ka sa yatsa a cikin maƙogwaron alhali makulli na kunne, moton na da ƙarfin da zai datse shi. Ta biyu, ka bambance lambar feda da ta maƙogwaro. P2138 ta feda ce, P2135 ta maƙogwaro. Soket ɗin yawanci baki shida ne, biyu na moto, huɗu na sensa, don haka kada ka yi gwajin haɗa waya a nan sai da zanen wayarin motar a gabanka. Ka fi dogara da kwamfuta: buɗe layin sensa ta ɗaya da ta biyu tare, wani ya taka. A wasu motocin ɗaya na hawa ɗaya na sauka, a Toyota duka biyun hawa suke yi amma ta biyun daga sama take farawa. Abin nema shi ne su tafi tare ba mai yin tuntuɓe. Wasu motocin ba sa buɗe faifan sosai idan inji a kashe yake, kada wannan ya ruɗe ka. Batir mai rauni ko caji da ba ya kaiwa kan jawo irin waɗannan lambobin, don haka auna su tukuna: wajen 12.5 a kashe, 13.5 zuwa 14.5 idan inji na aiki. A yawancin irin waɗannan ba a sayar da sensar ita kaɗai, maƙogwaron ake canzawa ɗungurungum, wanda ya ƙara zama dalilin auna soket sau biyu kafin a taɓa aljihu.

Saye da ɗaurawa

Idan ta tabbata sensar ce, tafi da tsohuwar a hannunka, ko Ƙofar Ruwa za ka a Kano, ko Panteka a Kaduna, ko Apo a Abuja. Lambar da ke jikinta za ka bi, domin akwai masu kama ɗaya da ke juyawa ta hannu daban. Tafi da mitarka ma. Sa ta a om, ka kama bakin saƙo da ɗaya daga cikin sauran, ka juya cikin sensar da sukundireba a gaban mai shago. Ya kamata lambar ta tafi sumul ba yankewa. Wannan gwajin na masu gogayya ne kawai, sababbin da ke aiki da maganaɗisu ba sa nuna komai a om, sai an ba su wuta. Ni dai na fi yarda da ta asali da aka ciro daga wata mota ta ci gwajin nan, a kan sabuwa fil a kwali marar suna.

Kafin ka kwance tsohuwar, yi mata alama da fenti ko ƙusa a inda take zaune. Idan ramukan notinta dogaye ne, ana saita ta ke nan: ɗaura sabuwar sako-sako, ka tabbatar harshen sandar ya shiga mazauninsa, ka juya ta kaɗan-kaɗan har mita ta nuna lambar silo ta motarka, sannan ka ɗaure kana kallon mitar, don tana gocewa wajen ɗaurewa. Tsofaffin Honda notinsu ba shi da kai. Ana tsaga masa baki da zarto a kwance da sukundireba.

Share lambar da kwamfuta, ka tayar, ka bar inji ya yi zafi ba esi ba fitila. Motoci masu totur na lantarki na buƙatar su sake koyon silo bayan wanki ko canji. Toyota kan koya da kanta bayan 'yar tafiya. Nissan kuwa sai an yi mata tsarin koyarwar, in ba haka ba silo zai zauna a sama ka ɗauka sabon maƙogwaron ne ba shi da kyau. Daga nan fita da ita hanyar da ta saba yi maka abin, ka bi ta cikin cunkoso ka kuma buɗe mata wuta a babban titi. Kashe ta, ka sake tayarwa ka maimaita, domin wasu lambobin, irin P0121 a motoci da yawa, sai a tafiya ta biyu suke kunna wutar. Bayan tafiyar ka sake sa kwamfuta ka duba shafin lambobin da ke jiran tabbaci. Idan nan ma babu komai, sai ka mayar da robar da ke rufe soket ɗin, ka ɗaure wayoyin nesa da ƙarfe mai zafi, ka rufe bonet.